Rumbun obijek a cikin RAM don shagon magunguna: littafin aiki, Janairu zuwa Fabrairu 2025

Litinin, 6 ga Janairu

Abin da ake ginawa: ƙaramin rumbun bayanai da Python, wanda zai riƙe komai na wani shagon sayar da magunguna a kan sari a cikin RAM, a matsayin obijek (ƙunshin bayanai irin wanda kod ke aiki da shi kai tsaye), babu tebur babu SQL (harshen tambayar rumbun bayanai mai tebur). Kaya, rukunin kowane magani da ranar ƙarewar wa'adinsa, masu saye, rasit, bashi. Kanta uku ne za su riƙa aiko da ciniki ta burauza zuwa tsohuwar laftof ɗaya mai Ubuntu 24.04 da Python 3.12, RAM 4 GB, da faifai mai juyawa.

Tsarin ba sabo ba ne. Birrell da Jones da Wobber sun bayyana shi a 1987, kuma Klaus Wuestefeld ya fito da shi ga masu Java a 2001 da sunan Prevayler. Ƙafafunsa uku. Bayanai duka suna zaune a RAM. Duk wani sauyi umarni ne, kuma sai an rubuta shi a littafin umarni a kan faifai kafin a aiwatar. Lokaci-lokaci a ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya a fayil guda. In an kunna manhaja, ta ɗora hoto na ƙarshe, ta maimaita umarnin da suka biyo bayansa, ta koma inda ta tsaya. Redis, wani rumbun bayanai da ke zaune a RAM, shi ma kusan haka yake yi da RDB (hotonsa) da AOF (littafin umarninsa), sai dai shi ba ya riƙe obijek ɗin manhajarka.

An duba ZODB, rumbun obijek na Python wanda ya fito daga Zope kuma har yanzu ana kula da shi. Ya fi abin da za mu gina ƙarfi nesa, amma shi faifai ne gidan bayanansa, yana janyo obijek zuwa RAM ne in an nema. An cire db4o, wani rumbun obijek ɗin, daga lissafi: Versant ta saye shi a 2008, Actian ta daina tallafa masa a 2014, kuma na Java ne da .NET. Babban abokin karawa dai SQLite ne, ƙaramin rumbu mai tebur da SQL a fayil guda, kuma ga yawancin shaguna shi ne amsar da ta dace. Abin da ya sa aka bi wannan hanya shi ne dokokin fitar da kaya da na bashi sun fi sauƙin rubutawa da gwadawa a kan obijek kai tsaye.

Lissafin RAM: layin ciniki 2,000 a rana, kwana 310 a shekara, layi 620,000 ke nan. In kowane layi ya ci bait 200, MB 124 a shekara. Shekara biyar za su shiga.

Alhamis, 9 ga Janairu

An rubuta azuzuwa biyar: Kaya, Rukuni, MaiSaye, Rasit, Layi. Duka da `__slots__`, wanda ke ƙayyade guraben obijek don rage cin RAM. Obijek mai gurbi shida yana cin bait 80 ta wannan hanya: 16 na kansa, 16 na mai kwashe shara (ɓangaren Python da ke share obijek ɗin da aka daina amfani da su), sai 8 ga kowane gurbi. Abin da ke cikin guraben kuma daban ne, domin duk lambar da ta wuce 256 obijek ce mai zaman kanta, bait 28 aƙalla.

Kuɗi a kwabo ake ajiye su, lamba cikakkiya. Ba a yarda da `float` ko a wuri ɗaya ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Littafin umarni. Kowane shigarwa tana da kai mai bait 16 da aka haɗa da `struct`: bait 4 na tsawo, 4 na CRC32 (lambar gano lalacewar bayanai), 8 na lambar jeri. Bayan kai sai jikin umarnin a JSON: sunansa, lambar sigarsa, lokaci, da bayanansa. An zaɓi JSON, wanda rubutu ne zalla, a kan `pickle` (hanyar Python ta zuba obijek a fayil) a nan don mutum ya iya buɗe fayil ɗin da idonsa ranar da aka yi gardama a kan wani rasit.

Doka ta farko: umarni ba ya ɗauke da obijek, sai lambar shaidarsa. In aka miƙa wa umarni obijek ɗin MaiSaye kai tsaye, yana aiki lafiya muddin manhaja na gudana. Ranar maimaitawa kuwa abin da zai fito daga fayil kwafi ne, a kansa za a ɗora bashin, ainihin mai sayen da ke cikin rumbu ya zauna wayam.

Talata, 14 ga Janairu

Shigo da tsohon tarihi daga Excel, layi wajen 300,000, ya ƙi ƙarewa. Dalili a fili yake: kowane umarni yana jiran `os.fsync`, wato tabbacin cewa rubutu ya isa kan faifai, faifan kuma yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa. Ko da a ce kowane juyi umarni ɗaya ya tabbata, minti 55 ne mafi ƙaranci, kuma ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, yana da nasa rubutun a kan wannan.

An bar `fsync` na cinikin yau da kullum yadda yake, don kanta uku ba za su taɓa kusantar umarni 90 a daƙiƙa ba. Shigo da tarihi ne aka ba hanyarsa daban: a gina obijek ɗin a RAM ba tare da littafi ba, a ɗauki hoto mai lamba sifili, a fara littafi daga nan.

Laraba, 15 ga Janairu

Fihirisa uku: `dict` daga lambar kaya zuwa Kaya, wani daga lambar waya zuwa MaiSaye, da jerin rukunai bisa ranar wa'adi da ake shiga da `bisect`. Ba sa shiga hoto, ana sake gina su duk lokacin ɗorawa.

Litinin, 20 ga Janairu

Gwajin ɗauke wuta, wanda a nan ba wasa ba ne, tunda batirin laftof ɗin ya mutu tuntuni kuma ana juya shagon daga wutar gari zuwa janareto a kullum.

Kashe manhaja da `kill -9` ba gwaji ba ne. Abin da aka riga aka miƙa wa Linux yana nan a ma'ajiyarsa ta RAM, zai kai shi faifai ko manhaja ta mutu. Dole a zare waya daga soket. An rubuta ƙaramin kod a wata kwamfuta da ke aiko da ciniki babu tsayawa yana rubuta lambar duk rasit ɗin da aka amsa masa da "an karɓa", sannan a zare wayar, a kunna, a kwatanta.

Da `flush()` kaɗai, wanda miƙa wa Linux rubutu kawai yake yi, aka rasa cinikin daƙiƙoƙin ƙarshe kamar yadda ake tsammani, domin Linux kan bar rubutu ya jira har daƙiƙa 30 kafin ya ɗauke shi a matsayin wanda ya daɗe. Da `flush()` sannan `fsync`, babu rasit ɗin da aka amsa ya ɓata. An samu shigarwa ta ƙarshe a gutsure a wasu zagayen, CRC ya kama ta. Hukuncinta: in lalacewar a wutsiyar fayil take, a yanke ta a ci gaba, tunda ba a taɓa ce wa kanta an karɓa ba. In a tsakiya take, akwai lafiyayyun shigarwa a bayanta, manhaja ta ƙi tashi ta nemi mutum. Tsallake ta yana nufin duk lissafin da ya biyo baya a kan ƙarya yake.

Inda aka sha kashi shi ne hoto. An zare waya jim kaɗan bayan ɗaukarsa, da aka kunna sai ga fayil ɗin da sunansa daidai amma bait sifili a ciki. ext4 yana jinkirta ware wa bayanai wuri a faifai, don haka sauya suna ya riga abin da ke ciki isa. Yana da kariya ga wanda ya ɗora sabon fayil a kan tsoho mai suna ɗaya, amma hotunanmu kowanne da sabon suna mai lambar jeri, kariyar ba ta shafe su ba. Tsarin da aka tsayar:

1. A rubuta a fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya.
2. `flush()`, sannan `fsync` a kan fayil ɗin.
3. `os.replace` zuwa sunan gaskiya.
4. A buɗe foldar kanta da `os.open`, a yi mata `fsync`.

Mataki na huɗu ya shafi sabon fayil ɗin littafi ma, in ba haka ba ana iya rasa fayil ɗin sukutum duk da an tabbatar da abin da ke cikinsa. Kuma ba a goge tsohon littafi sai an sake karanta sabon hoto an ga jimillar kaya da ta bashi sun yi daidai da na RAM.

Juma'a, 24 ga Janairu

An sa `fcntl.flock` a kan wani fayil a foldar bayanai don kada manhaja biyu su buɗe rumbu ɗaya. Sabar da ke amsa wa burauza kuma Waitress ce, manhaja ɗaya mai zare (layin aiki) da yawa. Wata sabar irin Gunicorn mai ma'aikata huɗu, kowane manhaja ce daban, za ta ba kowane ma'aikaci nasa kwafin rumbun, kowa ya yi ta sayar da kwalin da ɗan'uwansa ya riga ya sayar.

Makulli ɗaya ne ga duk rubutu da karatu, wato zare ɗaya kaɗai ke taɓa rumbu a lokaci guda. Da kanta uku ba a jin sa.

Talata, 28 ga Janairu

Matsala mafi muni kawo yanzu, kuma ba ta fito da saƙon kuskure ko ɗaya ba.

Gwajin dare yana yin haka: ya gudanar da cinikin ƙarya na yini guda, ya fitar da jimillar kowane rukuni, ya kashe manhaja, ya kunna ta maimaita littafi, ya sake fitar da jimilla. Jimillar kowane magani ta yi daidai. Ta rukunai ce ta bambanta: kafin kashewa rukuni na farko na wani maganin zazzaɓi saura fakiti 40, na biyu 120, bayan kunnawa suka yi musaya. Ga shagon magani wannan babban abu ne, domin in aka janye wani rukuni daga kasuwa dole a san wa aka sayar wa.

Ga yadda abin yake. Dokar fitar da kaya ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa. In rukunai biyu suna da rana ɗaya, kod ɗin yana ɗaukar wanda ya fara fitowa daga wani `set` na lambobin rukuni. Tun daga Python 3.3, lissafin da ke tsara kalmomi a cikin `set` yana samun sabon iri (lambar da yake farawa da ita) duk lokacin da aka kunna manhaja, saboda tsaro. Don haka jerin fitowarsu yau daban, gobe daban. Da obijek ne a cikin `set` ɗin ma ba a tsira ba, tunda nasu lissafin daga adireshinsu a RAM yake.

Ana iya ƙulle irin da `PYTHONHASHSEED`, amma wannan rufe ido ne. Ranar da aka manta da shi a wata kwamfuta ciwon ya dawo. Gyara biyu aka yi. An maye gurbin `set` da `dict`, wanda harshen ya lamunce jerin shigarsa tun 3.7, aka ƙara lambar rukuni a matsayin raba gardama. Na biyu ya fi muhimmanci: zaɓen rukuni ya fita daga matakin aiwatarwa. Yanzu ana zaɓa tun kafin rubutu, umarnin da ke shiga littafi yana cewa "fakiti 10 daga rukuni kaza a kan kwabo kaza". Littafi ya daina riƙe abin da kanta ta nema, yana riƙe abin da aka yanke.

An bi duk kod ɗin aiwatarwa da wannan ido. An fitar da `datetime.now()` daga wurin lissafin ranar biyan bashi, da `uuid4()` daga lambar rasit. Lokaci daga jikin umarni yake zuwa, lambar rasit daga lambar jeri. Buga rasit da tura saƙon waya su ma sun koma waje, bayan umarni ya kammala, kada kunna laftof da safe ya sa firinta ta sake zubo cinikin jiya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Rahoton kayan da wa'adinsu ya rage wata uku, da na masu bashi. Ana kwafe lambobin da ake buƙata a ƙarƙashin makulli, a saki, sannan a shirya shafin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hoto ya faɗi da `RecursionError` da aka gwada shi da cikakken tarihi. `pickle` yana bin mahaɗi ne har ƙarshensa kafin ya dawo. Daga MaiSaye ya shiga Rasit, daga nan Layi, Layi ya kai shi Rukuni, Rukuni yana da jerin duk layukan da aka sayar daga gare shi, ɗaya daga ciki ya kai shi rasit ɗin wani mai saye daban, haka dai har zurfin ya wuce iyaka. Da ƙananan bayanan gwaji sarƙar ba ta yi tsawon da za ta nuna ba.

Ɗaga `sys.setrecursionlimit` bai yi komai ba, domin daga 3.12 wannan iyaka kod ɗin Python kawai ta shafa, ɓangaren C yana da tasa. Gara haka ma. A tsofaffin siga ɗaga ta da yawa kan sa manhaja ta rushe gaba ɗaya.

Gyaran: mahaɗi na hanya ɗaya ne kaɗai ke shiga hoto. Layi ya san Rukuninsa, Rasit ya san MaiSaye. Na komawa baya, wato daga Rukuni zuwa layuka da daga MaiSaye zuwa rasit, `__getstate__` yana zubar da su, a sake ɗaura su lokacin gina fihirisa. Zurfi ya dawo hawa kaɗan, fayil ma ya rage girma.

Abu biyu kuma suka bayyana a nan. Lokacin ɗaukar hoto RAM na hawa sosai, saboda `pickle` yana ajiye tarihin duk obijek ɗin da ya riga ya rubuta har ya gama. A 4 GB tare da burauza a buɗe, laftof ta fara jingina da faifai, komai ya yi nauyi. Sannan ɗorawa tana jan ƙafa saboda mai kwashe shara yana ta zagaye a kan obijek ɗin da ake ƙirƙira, alhali babu shara ko ɗaya a cikinsu. An sa `gc.disable()` kafin ɗorawa, `gc.freeze()` bayanta, sannan `gc.enable()`.

An yi tunanin ɗaukar hoto da `os.fork` yadda Redis ke yi, wato manhaja ta haifi kwafinta, ciniki ya ci gaba a wurin uwa yayin da ɗa ke rubutu. An fasa. Python yana taɓa ƙidayar masu riƙe da kowane obijek ko karanta shi kawai aka yi, don haka shafukan RAM da ya kamata uwa da ɗa su yi tarayya a kai duk sai an kwafe su. Ga kuma gargaɗin da 3.12 ke yi in an yi `fork` a manhaja mai zare da yawa. Shago na rufewa da daddare. Lokacin za a ɗauki hoto, a ƙarƙashin makulli.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Sayayya uku: RAM zuwa 8 GB, SSD mai 256 GB a madadin tsohon faifai, da sabon batirin laftof. Su ke nan kuɗin da aikin ya ci a kayan aiki, domin Ubuntu da Python da Waitress duk kyauta ne. Batirin shi ne mafi amfani cikin ukun, ya ɗauke buƙatar UPS. An maimaita gwajin zare waya a kan SSD ɗin kafin a saka batirin, don wasu faifai masu araha kan ce sun rubuta alhali abin yana ma'ajiyarsu. Wannan bai zubar da rasit ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sauyin fasali na farko: an ƙara wa Kaya gurbin lambar rajistar NAFDAC, aka kuma raba babban fayil ɗin kod gida uku. Tsohon hoto ya ƙi ɗoruwa ta fuska biyu.

Ta farko, `pickle` ba ya ajiye aji, sunansa da sunan fayil ɗin da yake ciki kawai yake rubutawa. Da Kaya ya ƙaura, sai `ModuleNotFoundError`. An yi sabon aji a kan `pickle.Unpickler` aka sake rubuta `find_class` da ɗan tebur mai kai tsohon suna zuwa sabo. Teburin ya zama shinge kuma: duk sunan da ba ya ciki ba a ɗora shi, tunda fayil ɗin `pickle` da aka yi wa kutse zai iya gudanar da kowane kod.

Ta biyu, ɗorawa ba ta kiran `__init__`, don haka tsofaffin Kaya sun taso ba su da sabon gurbin, kuma ba a sani ba sai da shafin kaya ya nemi shi ya sami `AttributeError`. Yanzu kowane aji yana rubuta lambar sigarsa a cikin halinsa, `__setstate__` yana hawa da shi mataki-mataki, daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 3. A SQL layi ɗaya na `ALTER TABLE` ya isa wannan. A nan kowane sauyi sai an rubuta masa kod an ajiye tsohon hoto don gwaji, kuma wannan kuɗi ne da za a yi ta biya muddin manhajar na raye.

Dokar sabuntawa: a rufe ciniki, a ɗauki hoto da tsohon kod, a tabbatar littafi ba shi da saura, sannan a sa sabon kod. Sabon kod ba zai taɓa maimaita umarnin tsoho ba.

An kuma rufe wata ƙofa da ta daɗe a buɗe: umarnin da ya shiga littafi sannan ya faɗi a tsakiyar aiki, an cire kaya ba a ɗora bashi ba. Babu janyewa a wannan tsari. Tsofaffin nau'o'in Prevayler suna riƙe kwafi na biyu na rumbun don a fara ɗanɗana umarni a kansa, wanda ke ninka RAM. Mu mun raba kowane umarni biyu: `duba()` mai bincike kawai ba ya sauya komai, da `aiwatar()` wanda aikinsa tarawa da cirewa ne. In duk da haka `aiwatar()` ya faɗi, a rubuta alamar sokewa mai lambar jerinsa, a mayar wa kanta da kuskure, manhaja ta sake tashi ta tsallake shi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Kanta ɗaya ta fara aiki da shi tare da tsohon Excel, ana kwatanta jimilla kowane dare. Ana so sauran biyun su shiga kafin azumi ya yi nisa.

Saura:

Fitar da komai zuwa fayil ɗin SQLite kowane dare bayan hoto. Akawun shagon yana da tambayoyin da ba a rubuta musu kod ba, irin su cinikin maganin tari a watan Disamba bisa kowane mai saye, kuma rumbun obijek ba ya amsa tambayar da ba a shirya mata ba sai mai kod ya zauna.

Kwafin ajiya: hoton dare zuwa filash, littafin yini kuma a riƙa tura shi da `rsync` zuwa kwamfutar kanta ta biyu duk minti biyar. A gwada dawo da shi a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganin manhajar ba.

Rasit ɗin da suka haura shekara biyu kuma babu bashi a kansu, a fitar da su daga RAM zuwa fayil na shekara-shekara.

Ba a yanke ba tukuna: mai shagon yana maganar reshe na biyu a wata unguwa, da kaya da masu bashi ɗaya. Tsarin nan manhaja ɗaya ce ke mulkin rumbu, reshen zai dogara kacokan ga intanet zuwa wannan laftof. In ana so ya yi ciniki ko layi ya yanke, sai ya sami nasa rumbun, a ware wa kowane reshe kayansa da jerin lambobin rasit ɗinsa, tura kaya tsakaninsu ya zama umarni biyu, fita a nan da shiga a can. Bashin mai saye ɗaya a rassa biyu shi ne ba a samo masa tsari ba, kuma za a zana shi a takarda kafin a taɓa kod.